Ni Na Miƙe Ƙafar, Tela Ya Samu Kyanwar

A shekarun da na zauna a unguwar Ruwais ta Jidda ni kaɗai, bayan na mayar da iyalina Kano saboda karatun yara, ba ni da abokin zama sai kyanwa. Aikina tafinta ne da fitar da kaya a tashar jiragen ruwa ta Jidda. In yi Larabci da ma'aikatan kwastan, in yi Turanci da matuƙan jirgi, in taɓa Faransanci idan kayan na mutanen Nijar ne ko Cadi. Kafin in dawo gida bakina ya gaji da harsunan mutane, ita kaɗai nake yi wa Hausa. Fara ce, da ɗigon toka a goshi. A bayan wani sito na tsince ta tana ƙarama, na kawo ta gida a cikin hulata.

Na ga kyanwoyi a garuruwa da yawa. A Istanbul suna kwanciya a kan kayan shago, mai shagon ya lallaɓa ya zaro abin da za a saya ba tare da ya tashe su ba. Na Alƙahira ramammu ne masu saurin ido, ba su yarda da kowa ba. A Kano muna ajiye su ne don ɓera, a zuba musu ragowar tuwo, ba mai tambayar inda suka kwana. Na Jidda kuwa, waɗanda mutanen Hijaz ke kira bissa, sun cika kowane lungu, kowace tana da bolar da take mulki. Tawa ba ta shiga cikin ko ɗaya ba. Ta san takuna a matakala a cikin takun duk mutanen gidan, kafin in sa makulli tana bakin ƙofa. In na zauna shan shayi sai ta hau kafaɗata ta zauna, ta ƙura wa tururin ido.

Ta saba fita ta taga ta hau akwatin na'urar sanyaya ɗaki tana kallon tattabaru. Wata rana ina wajen aiki ta kai wa ɗaya cafka, ta faɗo daga hawa na uku. Wanda ya tsince ta shi ne telan da ke zaune a ɗakin saman rufi, daidai kaina.

Mutumin Damagaram ne, na ɗan girme shi. Umra ya zo tun da daɗewa bai koma ba, yana ɗinka wa wasu shaguna na kasuwar Bab Makka riguna. A ɗakinsa yake aiki, ba ya son yawo saboda ba shi da iƙama, takardar izinin zama. Tsakaninmu akwai wasan nan na Kanawa da Damagarawa, ba ma haɗuwa a matakala mu rabu ba mu taɓa juna ba. Kafin wannan rana ba ruwansa da kyanwata, ita ma ba ruwanta da shi. Cewa yake yi gashinta na sa shi atishawa.

Na tarar da shi a bakin ƙofata ya naɗe ta a ƙyallen yadi.

"Alhaji Bakano, 'yarka ta gwada tashi sama. Na gaya maka ku Kanawa ba ku san iyakarku ba."

Bai yi dariya ba da ya faɗa, ni ma ban yi ba. Ƙafarta ta baya ta hagu tana lilo.

Na kai ta wajen wani likitan dabbobi ɗan Sudan a arewacin gari, inda galibin masu zuwa Turawa ne da karnukansu, sai Larabawa masu shahon farauta. Ni kaɗai ne baƙin mutum a benci riƙe da kwali. Ƙashin cinya ne ya karye. Ya sa mata ƙarfe a ciki, ya ce a tsare ta a keji kada ta yi tsalle har ƙashin ya kama. Haka aka yi. Bayan wasu makonni da muka koma ya duba hoto ya ce ƙashi ya haɗe, alhamdu lillahi. Amma ƙafar ta rame ta koma kamar tsinken tsintsiya, ta naɗe ta a ƙarƙashin ciki, ba ta ko taɓa ƙasa da ita.

"Ya hajj," in ji shi da Larabcinsa na Sudan mai laushi, "nawa aikin ya ƙare, naka ya fara. Naman ya manta aikinsa, gaɓar ta ƙage. In ka bar ta haka, haka za ta mutu da ita a naɗe."

Ya nuna mini abu biyu. Na farko miƙa: a riƙe cinyar da hannu ɗaya, a ja ƙafar a hankali har ta miƙe, a lanƙwasa, a sake, safe da yamma. Ya ce za ta yi kuka, kuma inda ta fara kukan nan ne aikin yake, sai an ɗan wuce shi kaɗan. Na biyu gashi da tausa: tsumma mai ɗumi a kan cinyar, a murza naman da yatsu, in ta yarda a tsayar da ita a ruwan ɗumi zuwa ciki, wannan da tsakar rana. Na tuna wani kare da na taɓa gani a Hamburg ana tafiyar da shi a cikin kwatarnin ruwa, ma'aikaciya na riƙe da shi, na tsaya ina dariyar Turawa. Ga ni yanzu ina lissafin ko robar wankina za ta isa.

Lokacin aikin hajji ya gabato, tasha ta cika da jiragen raguna daga Sudan da Somaliya da na shinkafa. Ina fita bayan asuba, ba na dawowa sai magariba ta kusa. Gashin tsakar rana ba zai yiwu mini ba. Na hau sama na sami tela a kan kekensa.

"Badamagare, aiki na kawo maka, tunda ba ka da abin yi sai ɓata wa mutane yadi."

"Wa zai yi wa kyanwa gashi? Ni? Ko matata ba ni na yi mata ba da ta haihu."

"To ka fara koyo."

"In ja mata ƙafar kuma?"

"A'a. Wannan nawa ne. Ni ne mai ita, ba zan ɗora wa wani alhakin ƙafarta ba. Kai dai ruwan ɗumi da tsumma."

Na faɗi haka ina jin na yi abin da ya kamata babba ya yi, na ɗauki mai nauyin na bar wa maƙwabci mai sauƙin. Sai daga baya na tuna yadda ake yi a gida. In yaro ya karye, maɗori daga waje ake kirawo shi. Shi zai ja, yaro ya tsala ihu, ya ɗaure ya tafi abinsa. Uwa ce ke zuwa da ruwan zafi da lallashi. Ban taɓa ganin uban da ya ja ƙafar ɗansa da hannunsa ba, kuma ban taɓa ganin yaron da ya ga maɗori a hanya bai canza lungu ba, ko da ya girma. Na san wannan tun ina ƙarami. Ban dai kawo shi a kan kyanwa ba.

Kullum da safe sai in naɗe ta a tawul in bar ƙafar a waje, in matse ta tsakanin gwiwoyina. In riƙe cinyar, in ja. Da farko shiru, sai jikinta ya sandare, sai wani kuka ya fito wanda ban taɓa jin ta yi ba, siriri, kamar na jariri. Ina yi ina ba ta haƙuri da Hausar da ta saba ji. Bayan hannuna duk ya cika da yakushi, har wani ma'aikacin kwastan ya tambaye ni ko faɗa muke yi a gida. In na sake ta sai ta ja jiki da ƙafa uku ta shige ƙarƙashin kabad. Da yamma in durƙusa in jawo ta, mu sake.

Ba a daɗe ba ta daina jirana a bakin ƙofa. Har yanzu tana gane takuna, amma yanzu in ta ji shi ɓuya take yi. In buɗe ɗaki in tarar da wurin kwanciyarta da ɗumi, ita babu. Na ce wa kaina ciwo ne, in ta warke za ta dawo.

Wata Juma'a ina gida bayan an sauko daga masallaci, tela ya sauko da butarsa da ƙyallen filanel. Ban taɓa ganin gashin da idona ba sai ran nan. Bai ma kira ta ba. Ƙarar butar kawai ta ji ta fito daga ƙarƙashin kabad, ta bi ta gefen bango don kada ta wuce kusa da ni, ta je ta kwanta a gabansa ta miƙa masa cinyar da kanta. Ya matse tsumman, ya gwada a kuncinsa, ya ɗora. Ya ɗiga man zaitun a yatsa yana murzawa. Ta lumshe ido, wannan ƙaramin gurnanin daɗi da kyanwa ke yi a maƙogwaro ya cika ɗakin. Rabona da jin sa tun kafin ta faɗi.

"Wala, madam," yake ce mata da ɗan Faransancinsa na Nijar. "Dusma, dusma, a hankali. Mugun nan na Kano ya sake ja miki ƙafa? Bari, Allah na nan."

"Atishawar fa?" na ce.

"Ta warke. Ashe ba gashinta ba ne, ƙurar ɗakinka ce."

Ya ciro ɗan kilishi daga aljihu ya gutsura mata. Ta ci a tafin hannunsa, ta lashe yatsun. Ni da na ɗauko ta a hula, na yi ta jigila da ita zuwa arewacin gari a cikin zafin Jidda, ina zaune a kan tabarmata kamar wanda ya zo gaisuwa. Na ga yadda ta ɗora haɓarta a gwiwarsa, kishi ya kama ni. Na yi zama da mutane iri-iri, na ga an ba wasu matsayin da nake ganin ni na cancanta, ban ji irin wannan ba.

"Daga gobe mu yi musanya," na ce. "Kai ka ja, ni in yi gashi da yamma."

"Alhaji, ba kai ka ce kai ne mai ita ba?"

"Na ce. Yanzu kuma na ce mu yi musanya."

Ya yarda, don ba ya iya yi mini musu in na ɗaure fuska. Na nuna masa yadda ake riƙewa. Ya ja kaɗan, ta ce miyau sau ɗaya, ko kukan gaske ba ta fara ba, ya saki.

"Bon, halas, shi ke nan, ta miƙe."

"Ina ta miƙe? Ko rabi ba ka kai ba."

"Wallahi hannuna ba zai iya ba. Kallona take yi."

"Ni ba ta kallona ne?"

"Kai ai ka saba. Ku Kanawa ko a kasuwa haka kuke ja wa mutum har ya yi kuka."

Mun yi kwanaki a haka. Shi yana shafa ƙafar yana kiran abin miƙa, ni kuma ina bin ta da tsumma mai ɗumi. Ba ta karɓi gashina ba ko sau ɗaya. Da ta ga tsumma a hannuna sai ta ɗauka naɗewar ce ta zo, ta kumbura ta yi mini huci. Na sayo irin kilishinsa a Bab Makka, na je har kasuwar kifi na zaɓo mata ƙanana sabbin kamu. Sai na fita daga ɗakin take ci.

Da muka koma wajen likita ya taɓa gaɓar ya ɗago ya dube ni.

"Wa yake ja?"

Na gaya masa gaskiya, har da dalilin musanyar. Na zaci zai yi dariya. Bai yi ba, ya dai cire tabarau ya goge.

"Ya hajj, ƙafar ta fara komawa inda ta fito. Ni ƙafa nake dubawa, ba ni da maganin wancan. Wanda hannunsa zai iya, shi zai ja."

A motar haya ta dawowa na yi tunanin barin abin gaba ɗaya, kuma da gaske na yi shi. Jidda cike take da kyanwoyi masu ƙafa uku, suna hawa bola suna haihuwa, ba abin da ya rage su. In na daina yau, na ce a raina, wata biyu ko uku za ta manta, ta dawo kafaɗata, tela ya koma ɗinkinsa. Gurguwa tawa ta fi mini mai lafiya ta wani. Har na yanke shawara kafin mu iso Ruwais.

Da na sauke ta a ɗaki ta tafi can nesa ta zauna. Kunnenta na hagu ya yi mata ƙaiƙayi. Ta karkata kai, ta ɗaga ƙafar nan don ta sosa kamar yadda kowace kyanwa ke yi, ƙafar ba ta kai ba, tana ta motsi a iska. Ta sake gwadawa ta kife gefe. Ta tashi ta je tana goga kunnen a ƙafar kabad. Washegari da safe na ɗauko tawul.

Daga nan ban ƙara sassautawa ba. Tela ya koma gashinsa da robar ruwan ɗumi, ni na koma zama abin tsoro. A hankali naman cinyar ya fara cikowa. Ta fara dafa ƙasa da yatsun, sannan da tafin duka, tana ɗingishi. Likita ya ce saura ƙarfi, kuma ba abin da ke ba ƙafar baya ƙarfi kamar hawa. Ya ce a sa ta hawan matakala, kaɗan-kaɗan, wani ya riƙe ta a ƙasa, wani ya tsaya a sama ya kira ta.

Na ce ni zan tsaya a sama. Tela ya riƙe ta a ƙasa, na hau 'yan matakai na tsuguna da kifi a hannu, na kira ta da sunan da nake kiran ta tun tana cikin hula. Ta dube ni, ta juya ta cusa kai a hammatarsa. Na sake kira. Wata Bahijaziya maƙwabciyata ta leƙo ta ga dattijo da furfura tsugune yana roƙon bissa, ta koma ta rufe ƙofa.

"Alhaji, sauko mu juya," in ji tela, a hankali, ba da wasa ba. "Yalla, mu je, don ƙafar."

Muka juya. Na riƙe ta a ƙasa. Ya hau ya tsuguna, ko kifin bai karɓa ba, ya ɗan tsotsi leɓe kawai. Ta fizge daga hannuna ta hau, tana jan ƙafar, tana turawa da ita, har ta isa gare shi.

"Ka gani! Ta taka da ita! Wallahi ta taka!"

Na gani. Na yi murna, ba zan ce ban yi ba. Amma na kuma gane abin da ke tura ta: rabi son isa gare shi ne, rabi son tsere mini. Likita da ya ji ya ce madalla, a ci gaba a haka tunda yana aiki.

Haka muka riƙa yi kowace yamma kafin a kira magariba. Ni a ƙasa, shi a sama, kullum yana ƙara matsawa. Daga ƙofata zuwa kwanar farko, daga kwanar zuwa ta biyu, har ranar da ya tsaya a bakin ƙofar ɗakinsa a saman rufi, na sake ta, ta haye duka ba ta tsaya ba, ta wuce ta tsakanin ƙafafunsa ta shige ciki. Ni da hannuna na koya mata hanyar, mataki bayan mataki.

Da likita ya sallame mu na daina miƙar, na jefar da tawul ɗin ma don kada ta ƙara ganin sa. Na jira. In na buɗe ƙofa da safe zan fita, sai ta wuce ni kamar iska ta haye sama. In na dawo in hau in ɗauko ta, tela yana ta ba ni haƙuri kamar shi ya yi laifi, wanda hakan ya fi ba ni haushi fiye da a ce ya yi mini dariya. Na gwada rufe ta. Na hana shi saukowa, na ce gashi ya ƙare, an gode. Ta zauna a bakin ƙofa tana kuka, ta ƙi kifi, ta ƙi madara, ga ƙarar kekensa tana saukowa ta rufi tana ji. Na daure kwanaki, ina cewa yunwa za ta sauko da ita. Da na ga haƙarƙarinta ya fara fitowa, na buɗe ƙofar na koma na zauna. Ba ta ko waiwayo ba.

Da yamma tela ya sauko, ya tsaya a bakin ƙofa bai shigo ba.

"Alhaji, ni fa ban kira ta ba."

"Na sani."

"In kana so in riƙa koro ta."

"Ka taɓa iya ja mata ƙafa, balle ka kore ta? Tafi ka ba ta abinci, Badamagare. Ba ta son madara mai sanyi."

Na ƙara shekaru a gidan nan. Mutanen gidan suka koma ce mata bissar tela, har da waɗanda suka san lokacin da na kawo ta. Da farko ina gyara musu, daga baya na gaji. Nakan hau sama bayan la'asar ranar Juma'a in sha shayi a wajensa, ya zuba mini irin nasu na Nijar mai ɗaci, muna zagin garuruwan juna. Tana kwance a kan tarin yadi kusa da keken. Bayan lokaci mai tsawo ta yarda in shafa mata kai, wani lokaci har baya. Amma da hannuna ya gangara wajen cinyar hagu sai ta miƙe, ba gudu ba huci, ta taka ta koma bayan ƙafafunsa.

"Dubi tafiya," tela yakan ce. "Ko ɗingishi babu. Aikinka ne fa, Alhaji."

In ce masa na gani. In shanye shayina, in sauko.